Verna Tackett, Wadda Ta Ƙi Yi wa Ƙanena Barka

Bakwai saura kwata na safe Verna Tackett take ajiye tsohuwar motarta a bayan asibitin sha-ka-tafi na garinmu, nan gabashin jihar Kentucky ta Amurka. Ta buɗe ƙofar baya, ta kunna fitilu, ta ɗora kofi. Daga nan sai ta shiga ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda, ta jawo wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin laba ashirin da biyar daga ƙarƙashin tebur, ta aza shi a kan sikeli. In sikelin ya nuna daidai, ta mayar da ƙarfen wurinsa. In ya ƙara ko da rabin laba ne, ranar ba mai hawansa sai an gyara. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana haka, kafin ta ajiye aiki ranar Juma'ar ƙarshen watan jiya.

Ita ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Ita ce mai kiran sunanka daga ɗakin jira, ta auna nauyinka da hawan jininka, ta soki yatsanka ta duba suga, ta rubuta, ta miƙa ka wurin likita. A garin da da wuya ka sami gidan da babu mai ciwon suga ko ciwon zuciya, hawa sikelin nan ya fi allura ban tsoro. Lokacin da ta kama aiki a tsakiyar baranda yake, kowa na ganin kowa, har maƙwabcinka ya ji nauyinka kafin matarka ta ji. Ba ta nemi izinin kowa ba, ita kaɗai ta tura shi ɗaki mai ƙofa.

Ba zan ce tana da fara'a ba, don waɗanda suka san ta za su ƙaryata ni. Doguwar mace ce, siririya, mai gajerar magana. Kuma akwai abin da aka san ta da shi: in nauyinka ya ƙaru ba ta yin tsaki, in ya ragu ba ta cewa barka. Sai dai ta dube ka ta saman tabarau ta tambaye ka ko kana barci, da abin da ka ci jiya. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin rowa. Mutum ya yi wata guda yana kallon soyayyar kaza yana haɗiyar yawu, ya zo ya rage laba huɗu, a ce ko murmushi ba zai samu ba.

Opal Caudill, da muke zama benci ɗaya a coci, ita ta fara sa na sauya ra'ayi. Ta ce wata Talata ta hau sikelin ta ga laba tara sun ƙaru cikin mako ɗaya. Ta fashe da kuka, ta hau rantsuwar cewa kek ɗin bikin jikarta yanka ɗaya tak ta ci. Verna ba ta lallashe ta ba. Ta durƙusa ta danna mata ƙauri da babban yatsa, ta ga wurin ya lotsa bai taso ba.

"Mis Opal, bar maganar kek ɗin nan," ta ce. "Matashin kai nawa kike jerawa kafin ki iya numfashi in kin kwanta?"

"Uku. Me ya haɗa wannan da wancan?"

"Zauna nan. Kar ki motsa."

Ruwa ne ya taru mata a jiki, zuciyarta ta gaza. Kafin azahar tana kan gado a babban asibiti. Yau shekara shida ke nan, tana nan da ranta, kuma har yanzu takan ce yanka ɗaya ta ci.

Amma ba don Opal na zauna rubuta wannan ba. Don ƙanena ne, Dwight Hensley.

Dwight direban motar kwal ne a da. Yana da ciwon suga, yana da hawan jini, gwiwarsa ta hagu kuwa ta cinye, ƙashi ke gogar ƙashi. Ban da waɗannan yana da ciwon ƙwaƙwalwa, irin wanda kan ɗaga mutum sama ya yi kwanaki ba barci yana jin duniya duk tasa ce, sannan ya sako shi ƙasa ya kasa tashi daga gado. Karon ƙarshe da ciwon ya tashi sosai, shekara sha huɗu da suka wuce, a bakin babban titi aka tsince shi yana tafiya ba takalmi cikin ƙanƙara. A wannan karon ya rasa aikinsa, matarsa ma ta tafi. Tun daga lokacin yake shan wata ƙwaya kullum, ta daidaita shi. Sai dai ƙwayar tana sa yunwa, yunwar da ba ta jin magana, kuma ita ta taimaka wajen kai shi laba ɗari uku da arba'in.

Likitan ƙashi ya ce zai sauya masa gwiwa, amma sai ya sauko ɗari biyu da tamanin. Wato a ce wa mutumin da ba ya iya takawa zuwa akwatin wasiƙunsa ya rage laba sittin, alhali yana shan maganin da ke sa shi ci. In bai rage ba, keken guragu ke jiransa, likitan bai ɓoye masa ba. Shekarar farko ya daina shan lemon kwalba, ya rage burodin masara, ya zubar da laba takwas. Kirsimeti ta zo ta mayar masa da shida.

Sai a bazarar shekara ta biyu abu ya sauya. Cikin mako shida Dwight ya zabge. Ya yi aski, ya fara fitowa coci, ya fente barandarsa duk da gwiwar. Ranar cin abincin bayan sujada mata suka kewaye shi suna tambayar sirrin, fasto ya ambaci sunansa a kan mumbari, aka tafa. Ni na fi kowa tafi. Ni na kai shi kanti na saya masa sabon wando, ni kuma na kai shi asibiti ranar awo, bakina har kunne.

Ya hau sikeli. Laba ashirin da uku sun tafi.

"To, Mis Verna," ya ce, "yau dai ko dutse ne a ƙirjinki sai kin ce wani abu. Ashirin da uku! Ki kira likitan ƙashin nan ki ce ya fara wasa wuƙarsa. Kafin kaka na gama, in aka yi mini aikin zan sayi mota in koma hanya, na ma yi magana da wani a Tennessee, motoci biyu zan fara da su, ke ma in kin gaji da wannan ɗakin sai in ɗauke ki aiki..."

Ta bar shi ya yi ta zuba. Da ya tsaya jan numfashi ta ce, "Yaushe rabonka da barci?"

"Barci na ragwaye ne."

"Dwight Hensley, yaushe ka daina shan ƙwayar?"

Ya dube ni, na dubi bango.

"Haba Mis Verna, don Allah," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Wata uku kawai nake nema. Da an yi aikin zan koma mata, na rantse. Kar ki rubuta. Ke ba ki san yadda yunwar nan take ba."

"Ban sani ba," ta ce. "Amma ni na wanke maka ƙafafu a ɗakin nan ranar da aka ɗauko ka daga titi. Zan rubuta, kuma ba za ka fita ba sai likita ta gan ka."

Ta rubuta. Aka mayar da shi kan magani a ranar, sai da aka yi makonni kafin ya dawo daidai. Laba sha biyar suka dawo tare da hankalinsa. Wata bakwai Dwight bai yi mata magana ba. Ya shigo ya hau sikeli yana kallon bango, ta yi tambayoyinta, ya amsa mini ni in faɗa mata. Ko a jikinta. Ban taɓa jin ta kare kanta ba, ban kuma ji ta ce ai ga shi ta faɗa ba.

Abin da ta yi a watannin nan sai daga baya na ji, daga bakin likitar asibitin. Ta ce Verna ta hana ta sakat. Kullum sai ta ajiye mata takardun Dwight a saman na kowa, tana tambayar ko babu wata ƙwaya da ba ta sa yunwa haka, ko likitan ƙwaƙwalwa da likitan suga sun taɓa magana da juna a kan mutumin nan. Ashe ba su taɓa ba. Kowa yana duba nasa ɓangaren, ɗaya yana ba shi abin da ke ƙara masa ci, ɗaya yana yi masa faɗan ƙiba. Sai da ta haɗa su a waya. A hankali aka sauya masa magani ana lura da shi, aka gyara na sugar. Verna ce ta samo masa gurbi a tafkin ruwan ɗumi na garin da ke gaba da mu, inda masu ciwon gaɓoɓi ke tafiya cikin ruwa safiyar Litinin da Alhamis. Nauyin ya riƙa sauka laba biyu a wata, wani watan ɗaya, wani watan babu. Ba wanda ya ƙara tafa masa a coci, don ba a ganin irin wannan da ido.

Ke ce wannan, Verna. Ke ce mai kallon mutum kafin ki kalli lamba. An yi miki kallon marar tausayi a garin nan, ni ma na yi miki, kin ji kuma ba ki sauya ba.

Awon Dwight na ƙarshe a hannunta ya faɗo ranar da za ta bar aiki. Shi ya zaɓi ranar. An kawo kek an ajiye a ɗakin jira, an rataya balan-balan. Ya hau, sikeli ya nuna ɗari biyu da tamanin da uku. Ya sauka ya cire takalma da ɗamara, ya zube makullai da wuƙar aljihu a tebur, ya sake hawa. Ɗari biyu da tamanin da ɗaya.

"Laba ɗaya," ya ce. "Mis Verna, kofin da na sha da safe ne. Rubuta tamanin. Gobe war haka kina gida kina ba kajinki hatsi, wa zai tambaye ki?"

"Tamanin da ɗaya," ta ce, ta rubuta.

Ya kwashi takalmansa a hannu ya fita yana ɗingishi, ko kek ɗin bai kalla ba. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Na tura ƙofar na tsaya a kanta.

"Verna, ke wace irin mace ce? Shekara biyar yana wahala. Laba ɗaya fa!"

"Likitan ƙashin yana da nasa sikelin, Glenda. In ya kama ƙarya a takardarmu, akwai mutum tara a bayan Dwight da ke jiran ya yarda da abin da muka rubuta."

"Ƙanena ne. Na fi ki son sa."

"Na sani," ta ce, tana rufe takardun. "Shi ya sa ba a hannunki biron yake ba."

Ta faɗi abin da ya fi wanda ta sani. A waccan bazarar, tun mako na biyu na ga akwatin maganinsa a kan firji, kowane gurbi cike da ƙwaya ba a taɓa ba. Na buɗe, na gani, na rufe, na mayar da shi yadda yake. Ina son ganinsa yana dariya, ina son a daina kallonmu da tausayi a coci, sai na ce wa kaina wata uku ba wani abu ba ne. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Ina jin kunyar abin, kuma zan daɗe ina ji.

Na gode, Verna. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi na kau da kai, ke da ba ki haɗa komai da shi ba kika yarda ya tsane ki wata bakwai don ya zauna da hankalinsa. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma da ke da irin Dwight a gida, ko kuke aiki a irin ɗakin da ta bari, ku ɗauki wannan daga gare ta: in kun ga mai ciwo ya zabge farat ɗaya, ku tambaye shi barcinsa da maganinsa kafin ku yi masa barka.

Kwana sha tara bayan tafiyarta, sabuwar ma'aikaciyar ta auna shi ya nuna ɗari biyu da saba'in da tara, yana kan maganinsa bai tsallake ko rana ɗaya ba. An sa ranar aiki, sha huɗu ga Nuwamba. Da na ce masa ina wannan rubutun, ya ce in sa cewa har yanzu yana jin haushin laba ɗayan nan. Sannan ya ce in ƙara da cewa ƙarfe bakwai na safe za mu tashi ranar, kuma in kina da sarari, Verna, ni yayarsa zan koma bayan mota, kujerar gaba taki ce.