Ƙauyen da Ruwa Ba Ya Sauka Ranar Talata

Shekarun baya, lokacin da nake rubuta kundin kammala digirina na biyu a Garwa, saura ƙiris na tabbatar wa duniya a kimiyyance cewa akwai wani ƙauye kusa da Kaele da ruwan sama ba ya sauka a cikinsa ranar Talata. Har da zane mai launi uku nake da shi a matsayin hujja.

Ƙauyen na kawuna ne, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwar albasa. Tun ina rarrafe wasu masu aikin bunƙasa noman auduga suka kafa masa ma'aunin ruwan sama a bayan gida, wani dogon kofi mai shaidar lambobi a jikinsa, suka ce kullum ƙarfe bakwai na safe ya duba ya rubuta. Bayan 'yan shekaru aikinsu ya ƙare, suka loda kayansu a mota suka tafi, babu wanda ya tuna ya ce wa kawu ya daina. Shi kuma bai daina ba. Ya cika littattafan 'yan makaranta fiye da ashirin, kowace shekara da nata, yana jera su cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Kundina a kan waɗannan littattafai ya tsaya: ina so in gano ko lokacin shuka a yankin yana ja da baya, kamar yadda manoma ke faɗa.

Hutu guda na kwashe ina shigar da lambobin cikin kwamfuta. Inda ya rubuta lamba na sa lamba. Inda ya rubuta sifili na sa sifili. Amma akwai ranakun da kawu bai rubuta ko ɗaya ba, sai ya ja ɗan layi a kwance. Waɗannan na bar gurbinsu fayau, da niyyar zan tambaye shi. Niyyar ta yi ta barci a inda na ajiye ta.

Lissafin da zanen duka da manhajar R muke yi. Ga wanda bai san ta ba, harafi ɗaya ne sunanta, amma ta fi duk wani malami da na taɓa zama gabansa yawan ƙorafi. Duk gurbin da na bari fayau sai ta cike shi da haruffa biyu, NA, ma'ana babu bayani. Kuma duk sanda na ce ta zana mini ruwan damina, sai ta zana, sannan ta biyo da jan rubutu tana sanar da ni cewa ta tsallake ranaku kaza saboda ba ta san abin da ke cikinsu ba. Ni kuwa yaron da aka rena da tsoron jan biro ne. Tun firamare na yarda cewa ja a takarda zunubi ne. Sai na kira wani abokina da ke aiki a Kuseri, wanda ya riga ni sanin manhajar da wata shida, abin da ya sa muke kiransa shehi.

Ya ce, "Kai ma da neman wahala kake. In tsoho bai rubuta komai ba, ai ba a yi ruwa ba ke nan. Mai da su sifili."

Ya turo mini umarni guda, gajere, bai kai tsawon gaisuwar safe ba. Na liƙa shi can sama a farkon aikina. Jan rubutu ya ɓace. Na ji kamar na yi wanka. Daga nan na manta da shi sarai, kamar yadda mutum ke manta maganin da ya yi masa aiki.

Wata huɗu bayan haka na kai wa malamar da ke duba kundina sakamako. Mace ce mai ƙarancin magana, wadda in ta ce aikinka ba laifi sai ka je ka yi sadaka. Ta daɗe tana kallon zanen ruwan kowace rana. Can ta ɗora biro a kai.

"Me ya sa yake da haƙora kamar matsefi?"

Na ce ai haka damina take, Madam, yau a yi gobe a fasa.

Ta ce, "Raba mini su bisa ranakun mako. Yanzu, ina kallo."

Na raba. Sanduna bakwai ya kamata su tsaya. Shida suka tsaya. Gurbin Talata babu komai, ƙasa ce shimfiɗe. Laraba kuwa ta yi tsawo har ta kusa ninka sauran.

Ta cire tabarau. "Ashe gajimaren ƙauyenku yana da ranar hutu. Ka ga, na ga irin wannan a baya. Mutum ya zauna a ɗaki ya cika littafi da ka, hannunsa ya saba da wani tsari bai sani ba. Wane ne ya rubuta waɗannan?"

Na ce kawuna ne.

Ta ce, "To, ka yi haƙuri. Mako biyu na ba ka. Ko ka kawo mini dalili, ko mu jefar da littattafan, ka nemi wani batun, ka kāre kundinka baɗi."

Makon farko na yi abin da duk mai ilimin zamani ke yi in ya shiga uku: na zargi na'ura. Na ce wataƙila manhajar ta juya rana da wata, tana karanta biyar ga watan bakwai a matsayin bakwai ga watan biyar. Na bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu ƙalau. Na ce ko lissafin ranakun makon ne ya zame, na ɗauko tsohuwar kalanda daga bangon shagon maƙwabcinmu tela na gwada, daidai ne. Na goge manhajar na sake sa ta, wutar lantarki ta ɗauke a tsakiya, na sake. Na canja launin sandunan, don a lokacin har na kai matsayin da nake ganin ko kore zai fi shuɗi tausayi. Talata dai ba ta tsiro ba. Aikin nan na karanta shi daga sama har ƙasa ya fi sau goma, kullum idona na tsallake umarnin shehi, kamar yadda ido ke tsallake bisimillar da ke saman wasiƙa.

Daga ƙarshe abin da na fi gudu ya zauna mini a rai: wataƙila kawu ne. Na gaya wa mahaifiyata zan je Kaele. Ta dube ni ta gane.

Ta ce, "Je ka. Amma in ka buɗe baki ka ce wa yayana maƙaryaci, ka zauna can, kada ka dawo mini."

Ranar Litinin na isa, bayan la'asar, da littafi ɗaya daga cikin nasa da kwamfuta a jaka. Na tarar da shi yana ɗaure buhunan albasa. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Garwa ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba ya shiri da su. Ina ta juya yadda zan fara maganar, sai ya miƙe ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar man auduga da cokali.

"Taso, likitan ruwa, raka ni."

Muka zagaya bayan gida. Ya tsiyaya mai cikin cokali, ya zuba a ma'aunin nan da natsuwa, kamar mai ba jariri magani.

Na ce, "Kawu, miya za a yi a ciki?"

Ya ce, "Gobe Talata, kasuwa. Da na idar da asuba mota za ta ɗauke ni, sai magariba na dawo. Ruwan da ya sauka zai wuni a rana. In ba mai a samansa, rana ta sha rabinsa kafin in zo. Mai yana rufe shi. Laraba da bakwai in karanta na kwana biyu, daga ƙasan man, ba daga samansa ba."

Na tuna doguwar sandar nan ta Laraba.

"To me ya hana ka duba kafin ka fita?"

"Ƙarfe bakwai aka ce mini. In na duba da biyar na rubuta a gurbin bakwai, ai na yi ƙarya."

"Ko ka sa wani a gida ya duba maka."

"Ni ba na rubuta abin da idona bai gani ba."

Na buɗe littafin da na zo da shi, na sa yatsa a kan ɗan layin nan na kwance. Na bi shi ƙasa. Kowane kwana bakwai yana nan. A gefen kowace Laraba kuma akwai ɗan tabon mai, shaidar yatsa, wanda wata huɗu ina ɗauka tsoho ne ke cin ƙosai a kan littafi.

Na ce, "Kawu, wannan layin, ba sifili ba ne?"

Ya kalle ni irin kallon da ake yi wa wanda aka kashe kuɗin makaranta a kansa.

"Sifili, na je na duba ban ga komai ba. Wannan kuwa ban je ba. Yaya za su zama ɗaya? A can Garwa haka ake koya muku?"

Na ce a'a, ni na koya wa kaina.

A nan kan tabarmarsa, kafin rana ta faɗi, na buɗe kwamfutar na haura can sama. Ga umarnin shehi yana zaune lafiya. Tun farko manhajar tana gaya mini da jan rubutu cewa ba ta sani ba, kawu ma a littafinsa yana cewa bai sani ba, ni kaɗai ne a tsakaninsu na sani. Na goge shi. Jan rubutu ya dawo, ban taɓa murnar ganin ja haka ba.

Saura gyara. Ruwan Laraba na kwana biyu ne, ba ni da hanyar raba shi ba tare da na ƙirƙira ba, kuma na ƙoshi da ƙirƙira. Sai na lura da abin da kawu ya ba ni ba da saninsa ba: tunda mai ya tsare ruwan, ko ɗigo bai ɓace ba, jinkiri kawai ya yi. In na daina lissafi da rana na koma lissafi da mako, kuma na sa makona ya ƙare da karatun Laraba, jimillar kowane mako cikakkiya ce. Na umarci manhajar ta yanka shekara haka. Makon duniya na farawa Litinin ko Lahadi, nawa ya fara Alhamis, bisa kasuwar albasa. Haƙoran matsefi suka ɓace. Damina ta fito da siffarta, ta hau a hankali, ta cika, ta sauka.

Da na koma Garwa na ƙara abu ɗaya. Na samo bayanan tashar auna ruwan sama ta gwamnati mafi kusa da ƙauyen na shekarun da take da su, na yanka su da irin makona, na ɗora layinsu a kan na kawu. Layukan biyu suka tafi tare, su hau tare su sauka tare. Inda na tashar ya yanke, watannin da ba a rubuta komai ba, na kawu ya wuce abinsa shi kaɗai.

Na ajiye wa Madam zanen da littafin, na nuna mata ɗan layin da tabon man. Na kuma nuna mata umarnin da na goge, don na ga gara in kai kaina da a kamo ni. Ta yi ta juya shafukan. Ta kai littafin kusa da hanci ta shinshina.

Ta ce, "Wane ne ya koya masa zuba mai?"

Na ce babu, shi ya ga rana na sata.

"Kuskuren naka za ka rubuta shi a babi na biyu, dalla-dalla, yadda na baya za su karanta. Sunan kawunka kuma ba a shafin godiya kaɗai zai tsaya ba, a cikin hanyar bincike zai shiga." Ta mayar da tabarau. "Ka ce masa na yi masa zato, ban kyauta ba."

A iya sanina, ba a taɓa jin wannan jimlar daga bakinta ba, kafin nan ko bayan nan.

Na kāre kundina gaban alƙalan jami'a a ƙarshen daminar, ranar Alhamis. Kawu ya zo da babbar riga, ya zauna a layin gaba, bai ji ko kalma ɗaya ta Faransancin da aka yi ba. Amma da aka haska zanen a bango ya gane shi, ya nuna wani kwari a tsakiya ya ce wa na kusa da shi, da ƙarfin da duk zauren ya ji, "Shekarar da gero ya ƙone ke nan." Shugaban alƙalan ya nemi a fassara masa, aka fassara, ya rubuta. Shehi ma ya kira daga Kuseri ya taya ni murna, ya ce dama shi ya san akwai abin dubawa a wajen.

Yanzu ni ke koyar da manhajar, kuma darasina na farko ba ya canjawa. Ina hana ɗalibai kashe jan rubutu kafin su karanta shi, ina gaya musu cewa tsakanin "babu" da "ban sani ba" akwai tafiyar da ta kai Garwa zuwa Kaele, ni na yi ta a motar haya. Mai ilimi gurbi fayau ke ba shi kunya, sai ya yi sauri ya cike. Kawu bai taɓa jin kunyar gurbi ba.

Bara da na je gaishe shi na buɗe akwatin ƙarfen, na nemo littafin waccan shekarar. A ƙarshen damina na ga abin da ban gani a sauran ba: ɗan layi biyu a jere, Alhamis da Juma'a, ba ranar kasuwa ba. A gefen Asabar ga tabon mai.

Na ce, "Kawu, nan fa?"

Ya leƙo, ya ce, "Naka ne. Ka ja mini asarar kwana biyu."