Fuska a Katangar Alƙibla

Ni dai tun ina yarinya ba na iya ganin farin bango in bar shi ya huta. Gawayi da alli babu wanda ban sha duka a kansa ba. Da na zama malamar zane a wata sakandare a Tarauni, sai katangar makarantar ta tsone mini ido. Doguwa ce, ta bi titi, ba komai a jikinta sai yagaggun fastocin 'yan siyasa da rubutun hana fitsari da ba wanda ya taɓa jin maganarsa.

Na dami shugaban makaranta har ya gaji ya ce in je in yi abin da na ga dama. Mai unguwa ma ya sa albarka. Na ce wa ɗalibaina kowa ya zana abin da in an gani za a ce nan unguwarmu ce. Masu zana adaidaita sahu suka fi yawa, sai masu zana tukunyar shayi, sai wani ja'iri da ya zana akuyar da ke shigo mana aji. Ranakun Asabar muke fita da sassafe, mu tashi kafin rana ta yi zafi.

A cikin ɗaliban akwai wata yarinya 'yar Filato, Kirista, suna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, shiru-shiru da ita. Ita hoton mahaifiyarta ta zana. Matar ta rasu da daminar bara, kuma a gindin katangar nan ta yi shekaru tana sayar da shinkafa da wake. Yarinyar ta zaɓi daidai inda teburin uwar yake a da, ta fito da ita da ɗankwalinta da wushiryarta, tana miƙo faranti. Ranar da ta gama ko burushin ta kasa ajiyewa, ta tsaya tana ta kallo.

Da yake ba mu taɓa kaiwa azahar a wurin ba, wani abu ya shige mana duhu. Ashe nan masu adaidaita sahu suke shimfiɗa tabarmi su yi salla, kuma katangar ce alƙiblarsu. Ni Musulma, shugaban makaranta alhaji, mai unguwa kuwa ba a magana, amma duk cikinmu an rasa wanda zai tambaya ina gabas take.

Ran Litinin shugaban ya sa aka kira ni.

"Malama, direbobi sun zo. Wai limaminsu ya ɗaga kai ya yi ido huɗu da mace tana murmushi. Ba a salla ana fuskantar hoto, kin fi ni sani. Ga farin fenti nan, a shafe kafin Juma'a."

"Ranka ya daɗe, uwarta ce fa."

"Na sani. Ni ma ba daɗi na ji ba."

Na tura bokitin fentin ƙarƙashin teburina, kullum ƙafata sai ta buge shi. Zama ya gagare ni. In shiga aji in fito, in leƙa katanga in dawo, ɗalibi ya yi tari in hau shi da faɗa. Na ji haushin direbobin, sai na tuna gaskiya ce da su, haushin ya rasa inda zai sauka. Na kira yarinyar na ce za mu sake zana mahaifiyarta a cikin makaranta, har ma ya fi wannan kyau.

"Malama, can ba wurinta ba ne," ta ce.

Ba ta roƙe ni ba, ba ta yi kuka ba. Da ta yi kukan ma da na fi samun sauƙi.

Ran Alhamis na ga an zo inda ba mafita. Na ɗauki bokitin, na ce gara in shafe da hannuna da a ce yarinyar ce ta yi. Ina waiwayawa sai ga ta a bayana. Na kore ta, ta ƙi. Muka zagayo titi muka tarar ana salla, amma babu fuskar. An kafa ƙusoshi a saman katanga, an rataya tabarma ta rufe ta.

Da aka sallame, wani dattijon direba mai furfura a gemu ya miƙe, ya naɗe tabarmar sama, ya ɗaure da igiya. Matar ta fito da farantinta. Sai ya hangi abin da ke hannuna.

"Malama, wannan fa?"

"An ce a shafe, Baba."

"Mu muka ce, zafin kai ne. Da muka dawo muka dube ta a tsanake sai muka gane ta. Ai ita ke cika mana butoci da ruwan alwala." Ya juya ga yarinyar. "Ke ce 'yarta ko? Ga wushiryar nan ma."

Yarinyar ta rufe baki da tafin hannu, kafaɗunta na rawa.

"Kar ki yi kuka, 'yata," in ji shi. "Da ranta ma, in za mu yi salla matsawa take ta ba mu wuri, in mun idar ta dawo. To haka za mu ci gaba da ita."