Gurbi Ɗaya, Gidaje Biyu a Makka

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, mu uku, ni da abokan tafiyata biyu da muka haɗa kai za mu yi Umra. Da gangan muka zaɓi watan Muharram, lokacin da alhazai sun watse, kuɗin masauki ya sauko. Hajiyarmu ta cika mini rabin jaka da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta ce in kai wa yayanta, wato Kawu, wanda ya tafi aikin Hajji tun ba a haife ni ba, ya zauna can bai dawo ba. A filin jirgin Kano ma'aikacin da ya buɗe jakar bai yi dogon bincike ba. Daddawar ce ta gaishe shi, ya yi maza ya ja zif ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Awa huɗu da 'yan mintuna muka sauka Jidda cikin harami. Muna fita waje zafi ya mare mu kamar an buɗe tanderun gurasa. Mai tasi ya ce riyal ɗari uku zuwa Makka, muka yi ciniki da yatsu da girgiza kai har ya sallama a ɗari biyu. Hanyar kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, faɗi ba a magana, duwatsu baƙaƙe dama da hagu, ba ko ɗigon ciyawa. Ɗaya daga cikin abokan tafiyata direban haya ne a gida, tun daga Jidda yake neman rami a kan titi da ido, har muka shiga Makka bai samu ba, abin ya ba shi haushi. Ba zan tsawaita a kan Umra ba. Na ga Ka'aba, duk addu'o'in da na haddace suka gudu daga kaina, na tsaya ina kuka kawai.

Rana ta uku Haruna ya zo ɗaukata a masaukinmu. Haruna ɗan Kawu ne, taubashina, sai dai a waya kaɗai muka san juna. Yana ganina ya ce, "Yallah baƙauye, shigo mota kada ka narke." Na ce, "Balaraben bogi, ashe haka kake da tsawo?" Hausarsa irin ta kakanninmu ce, ya cakuɗa ta da Larabci, in kalma ta ƙwace masa sai ya kaɗa hannu ya ce kalas, wato shi ke nan.

Masu bibiyata kun san ni da musun ƙwallo, a gidan kallon unguwarmu har kujera gare ni. To Haruna mai tsaron gida ne, shekararsa goma sha ɗaya a wani ƙaramin kulob na Makka da ke buga gasar ƙasa-ƙasa. Na daɗe ina cika baki da shi a Kano. A mota na tambaye shi shirin kakar wasa mai zuwa, sai na ga fara'arsa ta ragu. A kan hanyar unguwarsu, Ka'akiyya, ya warware mini komai.

A Makka aka haifi Haruna, amma ba ɗan ƙasa ba ne. Fasfo ɗinsa na Najeriya ne, ƙasar da bai taɓa taka ta ba. Irinsu ake kira mawalid, wato haifaffun nan. Takardar zamansa, iƙama, kulob ɗin ne ya tsaya masa aka yi ta, kuma matarsa da 'ya'yansa mata biyu duk a ƙarƙashin takardar suke. Yanzu an kawo sabon koci, gurbi ɗaya ya rage wa kulob na mawalid, kuma su biyu ne a kai: shi mai shekara talatin da huɗu, da wani ɗan gaba mai suna Yasir, ɗan shekara ashirin, shi ma Bahaushe. Iƙamar Haruna za ta mutu ƙarshen Safar. Tun da aka tafi hutu yake neman wani kulob ko kamfanin da zai tsaya masa, kowa sai ya dubi shekarunsa da gwiwarsa da aka yi wa aiki ya ce insha Allahu. In kulob ya sake shi, ko dai ya kwashe iyalinsa ya fita daga ƙasar, ko ya koma zaman ɓoye.

Ka'akiyya ba ita ce Makkar da muke gani a hoto ba. Gidaje ne a manne da dutse, lunguna masu hawa, tankunan ruwa a kan rufi, na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗiga a kan masu wucewa. A wani ɗaki na ƙasa na tarar da Kawu. Idanunsa sun tafi. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi a garin nan ba shi da takarda ko guda, yana dakon kayan alhazai a Mina, in Hajji ya wuce ya koma ɗinkin hula. Na durƙusa na gaishe shi, ya shafa fuskata ya ce hancin gidansu ne. Da aka kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, sai hawaye. Ya shiga tambayata mutanen unguwarsu ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya kira sai in ce Allah ya yi masa rasuwa. A na bakwai ya ce in bari haka nan.

Washegari bayan la'asar wani maƙwabcinsu ya ja ni Kudai, wajen wani mai shayi inda magoya bayan kulob ɗin suke taruwa. Haruna ya ƙi zuwa, ya ce ba zai zauna ana cinikinsa a gabansa ba. Kudai matattarar motocin mahajjata ce, ga shaguna, ga hayaniya. Muka ci ful, wato dafaffen wake da man zaitun, da wata faffaɗar gurasa da suke kira tamis, riyal biyar ka ƙoshi har ka bar saura. A gefe wani Bakatsine yana gasa tsire da ƙuli-ƙulinsa sak irin na gida, Larabawa sun yi layi.

Musun kuwa na tarar ya riga ya yi zafi. Mutum wajen goma sha biyar ne, tsofaffi da matasa, ana farawa da Hausa a ƙare da Larabci. Wani mai ƙaton ciki yana dukan tebur yana cewa ba don fanaretin da Abu Maryam ya kaɗe a wasan ƙarshe ba, da yanzu kulob ya faɗa ƙasa. Abu Maryam shi ne Haruna, da sunan babbar 'yarsa suke kiransa. Wani matashi mai gilashi ya ce wannan duk tarihi ne, matsalar kulob rashin cin ƙwallo ce, masu tsaron gida 'yan ƙasa ga su nan birjik, don me za a kashe gurbi ɗaya tilo a kan mai gwiwa ɗaya? Wani ya ce baya ba ta tsayuwa sai da babba mai tsawa. Wani ya ce tsawa ba ta cin wasa.

Ni da na zo baƙo ya kamata in kama bakina. Ina! Jinin musu ya motsa. Na miƙe na zuba musu bayani irin na gidan kallo, har ana tafa mini. Daɗin tafi ya ɗebe ni na ce, "Shi Yasir ɗin nan me yake ci na sauri? Shekara ashirin fa! In an ƙi shi bana, baɗi yana nan. Ko a mayar da shi ƙasarsu ya buga can, me zai rasa?"

Kowa ya juya ya dubi gefe guda. Wani dattijo siriri da ke zaune a kusurwa ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗana, ni na haifi Yasir. Ni mutumin Maraɗi ne, amma shi bai san kowa a can ba. Keken marasa lafiya nake turawa a Harami, da shi na raine shi. Tun da aka haife shi bai taɓa riƙe takarda da sunansa ba, wannan gurbin ne zai ba shi ta farko. Haruna kuma a gabana ya girma, na ɗauke shi a kafaɗata. Kai da ka iya magana, faɗa mini wanda zan roƙa wa Allah."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ce, "Baba, ka yafe mini, ban sani ba." Ya ce ba komai, ya ɗauki buta ya ƙara mini shayi da hannunsa.

Bayan kwana huɗu Haruna ya kwashe mu da safe ya kai mu ziyara. Muka je Arfa, muka ratsa Muzdalifa, muka tsaya a Mina. Wanda ya san Mina a hoton Hajji ba zai gane ta ba: tantuna farare iya ganinka, ba kowa, sai iska da 'yan maguna. Haruna yana nuna mini hawan da Kawu yake bi da kaya a ka, sai wayarsa ta shiga ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ya duba, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini. Shafin kulob ɗin ne. Sun saka hotonsa da manyan haruffa suna yi masa godiya a kan shekara goma sha ɗaya, a ƙasa kuma hoton Yasir riƙe da sabuwar riga. Ko kiransa ba su yi ba.

"Ka ga dai sun yi mini adalci," in ji shi, "sun zaɓi hoton da nake da gashi." Ya yi dariya, ni na kasa. Abokan tafiyata suka yi ta salati ƙasa-ƙasa.

Na ɗauka gida za mu wuce, sai na ga ya nufi Kudai. Ya tarar da dattijon nan a ƙofar gidansu, ya sumbaci kansa, ya ce, "Mabruk, barka, Baba. Ka ce wa Yasir ya riƙa ɗaga kai kafin ya buga." Dattijon ya riƙe hannunsa gam. Da yamma magoya baya suka yi ta zuwa Ka'akiyya kamar gidan gaisuwa, har da matashin nan mai gilashi, wanda ya zauna a bakin ƙofa bai iya haɗa ido da kowa ba. A waya kuma musu bai tsaya ba, wasu na zagin koci, wasu na yabonsa, duk a kan tsarin wasa.

Da mutane suka watse na ce wa Haruna, tunda ga dubban mutanenmu suna zaune ba takarda, shi ma ya lallaɓa haka mana. Ya ce, "La, ya ɗan'uwa. Na ga yadda Babana ya rayu, in ya ji jiniya sai ya shige lungu, in ya yi ciwo ba asibiti. Ranar da takardata ta mutu, ranar za a cire 'ya'yana daga makaranta. Ba zan yi musu haka ba."

Sai na juya ga Kawu na ce to ya zo a tafi gida gaba ɗaya. Ya girgiza kai. Ya ce shi in ya miƙa kansa aka fitar da shi, ya fita ke nan har abada, kuma uwar Haruna a nan take kwance, shekara arba'in bai yi ta ɓuya ba don a binne shi a wani waje. Zai koma gidan 'yarsa da ke auren ɗan ƙasa. Ya lalubo hannun Haruna, ya yi ta shafa yatsun nan da ƙwallo ta karkata, ya ce, "Ni na zaɓi garin nan, kai ba ka zaɓi komai ba. Ka tafi da yarana su yi karatu. Na yafe maka duniya da lahira." Haruna, ƙaton mutum, ya kifa kansa a cinyar tsohon yana kuka. Dukanmu mun san in ya fita, da wuya su sake ganawa. Na tashi na fita waje, don zuciyata ba za ta ɗauka ba.

A rana ta goma sha biyu muka yi ɗawafin bankwana muka kama hanyar Jidda. Haruna ya raka mu har filin jirgi, ya tambaye ni ko a Kano akwai makarantar da ake koyarwa da Larabci, da kuma ko gaskiya ne wuta tana ɗaukewa. Na ce masa duka biyun gaskiya ne. Muka sauka Kano ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya yi kore shar, direban nan namu kuma ya samu ramukansa tun kafin mu bar titin filin jirgi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne. Shekara ashirin ina zama a benci ina cewa a sayar da wane, a kori wane, ya tsufa, ba shi da amfani, ban taɓa tambayar kaina inda mutumin yake nufa in ya cire riga ba. Har yanzu ina kallon ƙwallo, amma in aka fara wannan musun sai in ji bakina ya yi nauyi.

Da na isa gida na gaya wa Hajiya cewa Haruna yana nan tafe da iyalinsa kafin watan Mauludi. Ta rangaɗa guɗa, ta hau lissafin ɗakin da za a gyara da katifar da za a saya, har ta fara tunanin abin da 'yan jikokin za su iya ci. Tana cikin haka ta tsaya ta dube ni.

"Yaya fa? Tare za su zo?"

Na ce, "Ya ce in gaishe ki, Hajiya. Ya ce ki yafe masa."

Ta zauna a bakin gado. Sannan ta goge idonta da gefen mayafi ta ce, "To. Allah ya haɗa mu a Aljanna. A share wa yaron ɗakin gabas, ya fi iska."