Igiya a Hannun Gana

Kakarmu Fanna ba ta da wata wutar hira daban, wutar aikinta ita ce ta hirarmu. Bandar kifi take yi a bakin Komadugu, a ƙauyenmu da ke gaba da Geskeru. Da an idar da magariba sai mu kewaye murhun, hayaƙi na cin idanunmu, ƙanshin tarwaɗa na tsinka mana yawu. Ba ta ba yaro ko ƙaya sai ya gaishe ta yadda ya kamata. Ni da take kira maigidanta, ni ta fi matsa wa.

"Ku dubi mijin nan nawa, ya faɗo mini kamar akuya. Koma ka shigo da sallama."

Haka zan koma bayan zana ina cika ina batsewa, yara na yi mini dariya.

In za ta fara tatsuniya, sai ta buga sandar juya kifi a jikin ganga, ta ce da Hausarta ta Barebari, "Ga ta can tafe bisa ruwa." Mu ce, "Ta iso gaci mu ji ta." Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Kyari maharbin dorina.

A zamanin da dorina ke hawowa daga tafki tana cinye gonaki, in ji ta, an yi wani saurayi Kyari, wanda ba a taɓa ganin hannu irin nasa wajen jefa zago ba, mashin nan mai igiya. Sai dai ba ya gaisuwa, ba ya amsawa, in an yi masa gyara ya tofar da yawu. Su kuwa mafarauta suna da ƙa'ida. Mai riƙon igiya yakan naɗe ta a damtsensa don kada ta harɗe cikin kwalekwale. Kafin maharbi ya jefa, dole ya ce "Saki", mai igiya kuma ya warware, ya jefa goran da ke ɗaure a ƙarshenta cikin ruwa, dorina ta yi ta jan gora har ta gaji. Sarkin ruwa ya sha jan kunnen Kyari a kan haka. Kyari ya ce shi da hannu yake farauta, surutu na mata ne a bakin rijiya.

Ranar da abin zai faru, wansa Gana ne ke riƙe da igiya. Dorina ta ɗago kai dab da su. Kyari bai ce uffan ba, ya jefa, zago ya shige wuyanta. Ta yi kururuwa ta nutse, igiya ta miƙe. A nan Kaka takan rage murya. Ta ce sai da aka ji ƙarar kafaɗar Gana ta ɓalle kafin a ga jini. Hannun ya tafi da igiya, mai hannun ya bi baya, dorina ta juyo ta datse shi a tsakiya, ta raba kwalekwalen biyu. Ruwa ya yi ja har gaci.

Dorinar ta mutu, amma ba wanda ya ci namanta. Daga ranar kuma ba mai shiga jirgi da Kyari. Ya tsufa a bakin ruwa yana roƙon kan kifi, ga hannun nan nasa lafiya lau.

Na taɓa cewa, "Amma Kaka, ai ya kashe dorinar." Sandar nan ta sauka a ƙaurina.

"Wawan miji. Wa ya ce maka dorina aka rasa? Wanda zai riƙe maka igiya gobe, shi ake nema."

Shekaru suka wuce, na girma, na koyi gyaran motopom, injin ban ruwa na masu noman barkono. Sai mutanen daji suka fara tsallakowa. Wata asuba, ruwa ya janye, Kaka ta fita duba wutarta, ta hange su suna ratso kogi da bindigogi. Tana bayan tarin itace, da ta yi shiru da ba su gan ta ba. Ta miƙe ta buga gangar nan, tana kiran sunayenmu gida gida, tana cewa ku gudu, sun shigo. Ina cikin gonar gero da ɗiyata a kafaɗa na ji harbi, muryar ta yanke. Da muka dawo ɗaukar gawa, mun same ta kife a kan murhu, zanenta ya ƙone, ba su bar ta da harsashi kawai ba, sai da suka sa wuƙa. Har gobe ba na iya cin banda.

Bayan zaman gudun hijira a sansanin Assaga na dawo cikin Diffa na buɗe atiliye, shagon gyaran inji. Wani furoje, shirin agaji, na kawo mini samarin da rikici ya kora, ina koya musu gyaran inji, in sun iya in nema musu wurin aiki. Abin da ke ba ni haushi, iyayen gida ba sa ma tambayar ko yaro ya iya ƙarfe. Zai zo da wuri? In ya ɓata abu zai faɗa? In an yi masa tsawa zai ɗaga hannu? Tambayarsu ke nan.

Modu ya fi kowa hannu a yarana, shi ke ciyar da uwarsa da ƙannensa a Assaga. Amma sai ya yini bai ce kanzil ba. Na kai shi gwaji wurin wani Alhaji ɗan Damagaram mai injinan niƙan barkono. A can ma akwai ƙa'ida, kafin ka tayar da inji sai ka ce "Hannu", ka jira a ce "An ɗauke". Modu ya gyara injin da ya gagari kowa, ya tayar da shi shiru. Bel ɗin injin ya kama hannun rigar wani ma'aikaci, ya saɓule masa fata har gwiwar hannu. Ɗan'uwan mutumin ya wanka wa Modu mari, Modu ya ɗauki sifana zai fasa masa kai. Da ƙyar na riƙe shi.

Alhaji ya ce, "Malam Bukar, don girmanka zan bari ya dawo gobe. In ya sake taɓa mini inji bakinsa a rufe, ka ɗauke abinka. Gwaninta ba za ta mayar wa mutum hannu ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na tafi Assaga in kai ƙararsa. Uwar ta saurare ni, sannan ta ce, "Malam, ranar da aka shiga garinmu, ƙarƙashin gawar ubansa ya kwanta. Suna bi suna soka wa duk wanda ya yi nishi wuƙa. Shirun nan ne ya bar mini shi."

Ni da na zo da faɗa, sai na zauna da Modu a bakin bukka, na ba shi labarin Kyari da Gana, na ba shi na Kaka da gangarta. Bai dube ni ba sai da na gama.

"Ita da ta yi magana, Malam, ina take yanzu?"

"Tana cikin ƙasa," na ce. "Amma ga ni zaune kusa da kai. Ɗiyata tana lakwal, tana karatu."

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta masu girman kai ce. Ban san akwai waɗanda tsoro ya ɗinke wa baki ba, kuma su ma igiyar tana naɗe a hannun wani.

Da safe na tsaya bayan buhunan barkono a wurin Alhaji. Modu ya kama abin tayar da inji, ya tsaya, ya daɗe a tsaye har Alhaji ya fara girgiza kai. Sai na ji wata murya a shaƙe, kamar ta wanda ya tashi daga jinya.

"Hannu."

Mai bandeji a hannu ne ya amsa masa, "An ɗauke."

Inji ya tashi. Na fita waje ina share ido, na ce wa masu tambaya barkono ne.