Kaset ɗin Bakri Mai Gyaran Mukayyif

Duk wanda ya zauna a unguwar Aƙiƙ ya san Bakri, ko bai san sunansa ba ya san motarsa, tsohuwar Toyota fara mai tsani a ɗaure a kai. Shekara talatin da wani abu yana gyaran mukayyif a Madina, wato na'urar sanyaya ɗaki. A garin da zafi ke dafa mutum da ransa, ai mai wannan sana'a ba ya rasa gaisuwa. 'Ya'yansa sun yi sun yi ya sayar da motar nan, ya ce a'a. Kada ka ce rowa ce. Sababbin motoci ne ba su da wurin sa kaset.

Kaset ɗin kuwa ɗaya ne tak. Bakri haifaffen Mai Wurno ne a Sudan, kuma yana ɗan shekara goma sha tara ya yi aiki a madatsar Sinnar da wani injiniya Bature mai faifan garmaho. Cikin faya-fayansa akwai na wata ƙungiyar makaɗan Ingila, faifansu na uku, wanda Baturen ya ce shi ya fito da su duniya bayan biyun farko sun yi kwantai. Kiɗa ne na masu haƙuri. Waƙa ɗaya sai ta ci kusan minti ashirin, ogan, ɗan'uwan fiyano, na kuka, jita na amsawa, mai ganga ya sauya taki ba sallama. Da Baturen zai tafi gida ya naɗa masa a fuska ɗaya ta kaset. Bakri bai san kalma ko guda a ciki ba, amma ya haddace shi kamar hanyar gidansu. Sau uku yana kwafe shi a sabon kaset kafin tsohon ya mutu.

Abin da ya fi so shi ne ƙarshen. Waƙar ƙarshe takan yi ta hawa, ta yi ta hawa, sai ka riƙe numfashi, kawai ƙat! Shiru. Bakri kan buga sitiyari ya ce, “Ka ji maza! Ba su jira sun gaji ba.”

Matarsa Sabuwa ta ce kiɗan aljanu ne, maza uku da ya haifa kuwa ko a jikinsu. Auta ce, Ilham, ta ɗauko kunnen ubanta. Tun tana 'yar shekara shida yake ɗaukarta ranar Asabar idan zai je garin Badar duba ɗakin sanyin wata gonar dabino, gilashi a rufe, sai sun bar gari ya ƙara murya. Ilham 'yar Madina ce, ka yi mata Hausa ta ji sarai ta mayar maka da Larabci. Amma duk sanda kaset ya yi ƙat, sai ta juyo ta ce, “Shi ke nan, Baba.” Hausar da take yi masa ke nan a duniya, kuma wallahi saboda ita yake zuba man Badar.

Sai ga Walid. Yaro ne mai gwajin ido a wani shagon tabarau a unguwar Khalidiyya, iyayensa mutanen Chadi ne. Ilham ta kawo shi da kanta, aka bincika, aka ɗaura aure, saura tarewa. Bakri ya nemi aibinsa ya rasa, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Yaro ya sumbaci kanka, ya ce “Ammi”, wato baffana, da murya ƙasa-ƙasa, ya riga ka ɗaukar akwatin kayan aiki, to ta ina za ka kama shi? Sabuwa takan ce, “Malam, kishi kake yi da surukinka, ka ji kunya.” Shi kuma ya ce wane kishi, shi dai bai son mutum mai yawan murmushi.

Wata Asabar da safe Ilham ta ce Walid zai bi su Badar. Bakri ya ce to. Ita da ta saba zama gaba ta koma baya, angon ya hakimce a kujerarta. Bakri ya tura kaset yana satar kallonsa, yana jira ya ga ya yi hamma. Ina! Yaron nan yatsunsa na bin ganga daidai, har wurin da takin ke karyewa bai kuskure ba. Wa ya koya masa?

Aka zo ƙarshe, waƙa ta hau, ƙat. Bakri ya kasa kunne baya. Kafin Ilham ta buɗe baki Walid ya ce da Larabci, “Ammi, kaset ɗin ne ya ƙare, waƙar da saura. Bari ka ji.”

Ya latsa wayarsa, ya kai daidai wurin. Kiɗan ya hau yadda ya saba, ya iso bakin ramin da Bakri ya sani shekara arba'in, ya wuce abinsa. Ogan ya sauko a hankali, wata sarewa ta shigo, muryoyi suka haɗu suka lafa. Minti uku da 'yan kai. Ashe faifan ya fi fuskar kaset tsawo, Baturen bai lura ba, ko ya lura bai faɗa ba. Kuma don Allah ya isa, ƙarshen yana da daɗi. Da ba shi da daɗi da sauƙi.

Bakri ya dubi madubi. Ilham ba mamaki a fuskarta, leɓenta ma na bin sarewar.

Da suka isa gona Bakri ya aiki Walid ya kai wa mai gadi saƙo, ya tsaya da 'yarsa a inuwar dabino. Ya ce, “Shi ya jiyar da ke?”

Ta ce da Larabci a'a, ita ta jiyar da shi. Tun tana 'yar sha huɗu ta samo faifan a waya.

Nan fa abin ya soke shi sosai. Shekara takwas! Ya ce, “Kina zaune kusa da ni ina buga sitiyari ina yabon maza, ke kuwa kin sani. Kika ɓoye mini, kika kai wa ɗan mutane da kika sani jiya. Ni ban cancanci minti uku ba, Ilham?”

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Da ta ɗago, da Hausa ta yi magana, tana lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya, harshen na karkacewa irin na 'ya'yan Madina.

“Baba, in na ba ka sauran, to me zan ce maka in kaset ya tsaya?”

Tun da aka haife ta Bakri bai taɓa jin ta yi Hausa mai tsawon wannan ba. Ya juya ya shiga ɗakin sanyi, ya daɗe yana duba injin da lafiyarsa ƙalau.

Da za su koma ya ce wa Walid, ba tare da ya dube shi ba, ya zauna baya, gaba akwai rana. Ilham ta shiga kujerarta. Ya mayar da kaset farko ya tura, suka kama hanyar Madina.

An yi biki bayan wata biyu, ta tare a Khalidiyya. Har yau Bakri bai yafe wa Walid ba, ko da yake shi ya gyara musu mukayyif kyauta, ya kuma koma sau biyu duba abin da bai lalace ba. Ranar Asabar yana zuwa Badar shi kaɗai. Idan kaset ya yi ƙat ba ya buga sitiyari yanzu, sai ya ɗan rage gudu, ya bar shirun ya yi minti uku kafin ya mayar da kaset ɗin farko.