Takalmanka Sun Ba da Shaida, Balthasar

Ranar Talata, tara ga Maris 1869, matarka Walburga ta aiko mini cewa ka cika da hantsi, bayan kwana shida kana fama da ciwon ƙirji. Balthasar Kienzle, kafintan amalanke, abokina na shekara hamsin da biyu. Har yanzu hannuna bai yarda ya riƙe basilla ba.

Ni ne mai gyaran takalmanka tun 1817, lokacin da yunwa ta karkashe dawakan ƙasarmu Baden. A shekarar ka ga dokin katako mai ƙafa biyu a birnin Mannheim, ka dawo ka sassaƙa naka. Ka zauna a kai, kana tunkuɗa ƙasa da ƙafa kamar agwagwa. Wata biyu ke cinye maka ƙasan takalmi. Da dokin nan ka ɗauko wa matata ungozoma, ita a kai, kai kana turawa, tana zaginka har ƙofar gida.

Tambaya ɗaya ta hana ka sakat. Me ya sa a gangara, in ka ɗage ƙafa, abin ba ya faɗuwa? Ka rantse wata rana mutum zai yi tafiya bai taɓa ƙasa ba. Gari ya yi maka dariya, ni ne kan gaba.

"Ignaz, jaki kawai," ka ce, "ranar da na daina kawo maka takalmi za ka yarda."

"Ranar ka mutu ke nan," na ce.

Wannan maganar tana ci mini rai.

Bara muka ji labarin an ƙera irin dokin nan a Paris, mai feda. Ka shige rumfarka, ka daina hira. Na ɗauka kunya ce, an riga ka.

Jiya Walburga ta kawo mini takalmanka, ta ce in ba mabuƙaci. Na juya su don sabo. Dunduniya lafiya lau, baki lafiya lau, ɗinkina na kaka bai ko goge ba. A tsakiya kuwa, inda ƙasa ba ta taɓawa, ƙarfen feda ya ci rami a kowace ƙafa.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

"Wata biyar yana hawan mai fedar da ya ƙera, a bayan gonar inabi. Cewa ya yi sai ya iya shan kwana zai zo ya zagaya shagonka sau uku."

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya ba Walburga da 'ya'yanku haƙuri. Takalman ban ba kowa ba. Suna tagar shagona, ƙasansu na kallon titi. Na yarda, Balthasar.