Jan Layin da Ke Jikin Gorata

A shekarun da jam'iyyu suka dawo ƙasarmu, lokacin da albashi yake makara, yajin aiki kuma yake bin yajin aiki, ni dattijo ne da ya aje aikin koyar da lissafi, ina zaune a unguwar Zariya ta Maraɗi. A makarantar mishan aka horar da ni, inda ake auna tazarar rubutu da abin awo, ake kuma mayar da yaro gida saboda maɓallin riga. Da wannan hali na fito, da shi na tsufa. Ban yarda da "kusan daidai" ba, kuma na saba mutane su yi shiru idan na yi magana. A da ina ɗaukar wannan shirun a matsayin shaidar cewa gaskiya tana wajena.

Ina da tsohuwar mota ƙirar Faransa wadda nake kulawa da ita fiye da kima. Tun ranar da na saye ta na yanki gora, na auna tsayin bakin da injin yake shaƙar iska, na sauko taƙi guda, na zana jan layi da fenti. Duk damina, idan na iske ruwa ya yanke hanya, sai in sauka in naɗe wando in kafa gorar. Idan ruwa bai kai layin ba in wuce, idan ya kai in juya. Shekaru da yawa gorar ba ta taɓa ba ni kunya ba. Yayana, wanda yake zaune a Tsibiri, yakan tsokane ni ya ce ɗan lakkwal, wato ɗan boko, ba ya shan ruwa ma sai ya tambayi gorarsa.

Bayan darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, akwatin matatar iskar motar ya tsage, na asali kuma ya ɓace a kasuwa. Wani mai sayar da kayan mota da yake shigowa da su daga hayin iyaka ya nuna mini wata sabuwar matata mai kama da mazurari, haɗe da dogon bututu. Ya ce a ƙarƙashin murfin injin ake ɗaura ta. Ni kuwa na san iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, kuma injin ya fi jin daɗinta. Don haka na umarci makanikina ya ƙara tsawon bututun, ya sauko da bakinsa can ƙasa, bayan ƙarfen gaban mota, nesa da zafin injin. Ya dube ni, ya dubi bututun, ya ce to Malam, ya yi yadda na ce. Duk tsawon rani motar tana tashi kamar sabuwa, 'yan kabu-kabu suna waiwayen ƙararta, ni kuma ina yaba wa kaina. Gorar tana kwance a bayan mota, ban ko tuna da ita ba.

A tsakiyar damina aka yi mana rasuwa a wani ƙauye gaba da Jiratawa. Mamacin aminin yayana ne tun suna yara, yayana kuwa a lokacin ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ƙafarsa da hannunsa na dama ba sa motsi. Ya dage sai ya je gaisuwa da kansa. Na ɗauko shi daga Tsibiri, maza biyu suka cicciɓe shi suka zaunar a kujerar baya, maiɗakina ta zauna kusa da shi tana tallafe shi. Da hantsi muka ratsa kwarin da ke tsakanin ƙauyen da babbar hanya, babu komai cikinsa sai yashi mai laima. Muna zaman makoki hadari ya haɗu can kudu, ya yi baƙi, amma ko ɗigo bai sauka a kanmu ba.

Bayan la'asar muka kamo hanya, muka iske kwarin yana gudu da jan ruwa. Maiɗakina ta ce a hankali ko za mu koma mu kwana, tunda ruwan kudu ba a san iyakarsa ba. Na amsa mata da cewa ba da tsoro ake yanke hukunci ba, da awo ake yi. Na sauka, na naɗe wando, na shiga har tsakiya, na kafa gorar. Ruwan yana ƙasa da jan layin sosai. Na ɗaga ta sama don su gani, yayana ya yi dariya da rabin bakinsa, ya ce ai alƙali ya yi magana.

Na koma mota na ja ta muka shiga ruwan. Mun kai tsakiyar kwarin ke nan injin ya yi tari sau ɗaya, ya yi wata ƙara kamar an doki turmi da taɓarya, ya mutu. A nan na ƙara kuskure a kan kuskure: na murɗa makulli. Na ji wani ƙarfe ya karye a cikin injin, daga nan babu abin da ya sake motsi. Sai a wannan lokaci, hannuna a kan makulli, na tuna cewa jan layin na tsohon baki ne. Sabon bakin yana ƙasa da gwiwata, ni da kaina na sa aka kai shi can, kuma tun da muka shiga kwarin motar ruwa take zuƙa.

Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofofi, sanyinsa ya kama idon sawuna. Daga sama da mu muna jin wani ruri yana matsowa, ga rassan itatuwa da karan dawa suna wucewa da gudu. Na leƙa gaɓa ta gaba da ta baya, babu kowa, duk mutane suna wurin makoki ko sun shige gida saboda hadari. Motar ta ɗan motsa gefe, kamar wani ya tura ta da kafaɗa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na waiwaya, na ga ruwa ya rufe ƙafar yayana wadda ba ta ji, shi bai ma sani ba.

"Fitar da matarka, ƙane," in ji shi. "Ni na ci rabona."

Maiɗakina ba ta bari na amsa ba. A zamanmu duka ba ta taɓa ba ni umarni ba, amma ran nan ta ce in buɗe ƙofa in durƙusa. Na durƙusa cikin ruwa har ƙirji. Ta turo yayana bisa bayana, ta cire mayafinta, ta ɗaure mu tare kamar yadda ake goyon jariri, ta ƙulle a ƙirjina. Na miƙe da ƙyar, na dogara da gorar. Ruwan ya haura jan layin, ya kai ƙuguna, yashi yana zamewa ƙarƙashin tafin ƙafata. Ita tana riƙe da bayan rigata tana salati, shi kuma numfashinsa yana dukan wuyana. Sau ɗaya ƙafata ta goce har ruwa ya taɓa haɓarsa, na ji hannunsa mai lafiya ya shaƙe ni. Da muka taka gaɓa na zube, na waiwaya, na ga ruwa ya juya motar ya jingina ta da wani gawo, ya rufe fitilunta.

Wani mai amalanke ya kai mu bakin babbar hanya. Sanyi ya kama ƙirjin yayana, aka kuwa yi rashin sa'a ma'aikatan lafiya suna yajin aiki. Kwanaki muna jinyarsa a ɗakina, ina zaune ina sauraren yadda numfashinsa yake fita da ƙyar, ina sane da wanda ya jawo masa. Allah ya tashe shi. Da aka ja motar zuwa gareji aka buɗe injin, an iske ruwa a cikinsa, sandar fistan ɗaya ta lanƙwashe, wata ta karye. Na tambayi makanikina ko ya taɓa tunanin bakin ya yi ƙasa da yawa. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ɗauka Malam ya riga ya lissafa. Wannan amsa ta fi karyewar ƙarfen yi mini ciwo.

Ina rubuta wannan ne saboda yanzu ina ganin matasa suna cire matatar asali suna ɗaura irin waccan don motarsu ta yi ruri. Kafin damina, ku durƙusa ku ga inda motarku take shaƙar iska. Idan ta mutu cikin ruwa, kada ku taɓa makulli, ku fara fitar da mutane. Idan kuka canja abu ɗaya a mota, ku sake duba duk abin da kuka dogara da shi a da. Masu hali irin nawa kuma, ku bar wa na kusa da ku damar su ce muku a'a.

Yayana ya ƙara wasu shekaru a duniya, amma bai sake shiga motata ba. Duk baƙon da ya je gaishe shi a Tsibiri, idan ina nan, sai yayana ya nuna ni ya ce ga uwarsa ta biyu, wadda ta goye shi da furfura. Mutane su yi dariya, ni ma in yi murmushi. Har ya rasu ban iya gaya masa cewa duk lokacin da ya faɗi haka, ruwan nake ji yana taɓa haɓarsa ba.